MENCKEN: ƊAN JARIDAR DA YA ƘI ZAMA MAROƘIN KOWA

A cikin 'yan jaridun da ƙasar Amurka ta yi a farkon rabin ƙarni na 20, da wuya a sami wanda aka fi karantawa, aka kuma fi zagi, kamar Henry Louis Mencken na birnin Baltimore. Shugabannin ƙasa sun ɗanɗani kaifin alƙalaminsa, haka limaman coci da malaman jami'a, har da 'yan uwansa 'yan jarida. A shekarar 1926 shahararren marubucin nan Walter Lippmann ya bayyana cewa babu wani mutum guda da ya kai shi tasiri a kan masu ilmin ƙasar na wancan zamani. A yau kuwa, waɗanda ake kira 'yan libatariya, watau masu ra'ayin a sakar wa kowane mutum mara, a kuma taƙaita ikon gwamnati iyakar taƙaitawa, suna lissafa shi cikin magabatansu. Tarihinsa abin dubawa ne ga duk mai son sanin abin da ɗan jarida yake iya hangowa idan ya ƙi shiga inuwar kowace jam'iyya, da kuma abin da yakan ɓace masa duk da haka.

TASOWARSA

An haifi Mencken ranar 12 ga watan Satumba, 1880. Kakansa daga Jamus ya yi ƙaura zuwa Amurka, mahaifinsa August kuwa yana da masana'antar naɗa taba. A bikin Kirsimeti na 1888 mahaifin ya saya masa wani ɗan ƙaramin injin ɗab'i irin na yara. Garin gwada injin sai uban ya farfasa ƙananan haruffan r, yaron ya rasa yadda zai jera sunansa Henry, ya koma buga H. L. Mencken, sunan da ya bi shi har kabari.

Ya gama makarantar koyon sana'o'i ta Baltimore a 1896, shi ne na ɗaya a ajinsu, bai ko cika shekara 16 ba. Ya so ya shiga aikin jarida, uban ya ce sai dai masana'anta. Ya yi biyayya ba da son ransa ba har mahaifin ya rasu a watan Janairu na 1899. Washegarin jana'iza ya tafi ofishin jaridar Morning Herald neman aiki, aka ce babu gurbi. Kullum dare sai ya komo ya tsaya, har wajen wata guda, kafin a aike shi bayan gari cikin ƙanƙara ya samo labari. Abin da ya samo shi ne labarin satar doki, kuma da shi ya fara.

A lokacin nan aikin jarida yana cikin babban sauyi. A nan Baltimore ne wani Bajamushe mai suna Ottmar Mergenthaler ya ƙera injin Linotype mai zuba haruffa layi-layi da narkakkiyar dalma, wanda jaridar Tribune ta Niyu Yok ta fara aiki da shi a 1886. Mutum ɗaya a kan wannan inji yana yin aikin mutane da dama masu jera haruffa da hannu. Ga kuma wayar tangarahu tana kawo labari daga ƙetaren teku a yini guda. Jaridu suka ƙara shafuka, suka yi arha, masu karatu suka yawaita, amma fa kafa jarida ya koma sai mai babban jari.

Mencken ya yi saurin hawa. Yana editan labaran gari lokacin da wata gagarumar gobara ta tashi a Baltimore ranar 7 ga Fabrairu, 1904, ta cinye gine-gine wajen 1,500, har da ofishin Herald. Duk da haka jaridar ba ta fasa fitowa ba: a daren farko a Washinton aka buga ta, daga baya aka shafe makonni ana buga ta a Filadelfiya, jirgin ƙasa yana kawo ta da asuba. Yana ɗan shekara 25 ya zama babban edita. Da jaridar ta durƙushe a 1906 sai ya koma jaridar Sun, wadda ya yi hulɗa da ita har ƙarshen aikinsa.

Ya san sirrin sana'ar ciki da bai, kuma bai ɓoye ba. A littafin tarihin ƙuruciyarsa a aikin jarida da ya fito a 1941, ya faɗi yadda shi da abokan aikinsa sukan haɗa baki su ƙaga labari idan ranar ta zo babu komai, da yadda a 1905 ya zauna da taswira ya tsara cikakken bayanin yaƙin jiragen ruwa tsakanin Japan da Rasha a Tsushima tun kafin bayanin gaskiya ya iso. Wanda ya san yadda ake dafa tuwon kuwa, ba ya cin sa ido rufe.

YAƘIN DUNIYA DA BAHON WANKA

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koya masa darasin da bai manta ba. Ranar 5 ga Agusta, 1914, Ingila ta yanke wayoyin tangarahu na Jamus da ke ƙarƙashin teku, saboda haka yawancin labarin yaƙin da ke isa Amurka sai ya bi ta hannun masu tace labarai a Landan. Mencken, wanda yake alfahari da jininsa na Jamus, ya fito fili ya goyi bayan Jamus, ya zargi jaridun ƙasarsa da haɗiye duk abin da Ingila ta ba su. Jama'a suka yi masa ca, filin da yake rubutawa kullum a jaridar Evening Sun tun 1911 ya tsaya a watan Oktoba na 1915.

Da Amurka ta shiga yaƙin a watan Afrilu na 1917, Shugaba Woodrow Wilson ya kafa kwamitin farfaganda a ƙarƙashin wani ɗan jarida, George Creel, wanda ya baza masu jawabi wajen 75,000 a gidajen silima da wuraren taro. Aka kafa dokar leƙen asiri a 1917 da ta hana tayar da zaune tsaye a 1918. Shugaban gidajen waya, Albert Burleson, ya riƙa hana ɗaukar duk mujallar da bai yarda da ita ba, abin da yake daidai da kashe ta. Eugene Debs, jagoran 'yan gurguzu, ya sami hukuncin ɗaurin shekara 10 saboda jawabi guda. Abin da ya fi ƙona wa Mencken rai shi ne yadda manyan jaridu suka tafa wa wannan aiki, alhali su ya kamata su fara ƙorafi. Shi kansa jami'an tsaro sun sa masa ido, ya daina rubutu a kan yaƙin, ya juya ga nazarin yadda Turancin Amurka ya bambanta da na Ingila. Littafin da ya fito daga wannan aiki a 1919 shi ne mafi daɗewa cikin ayyukansa, ya yi ta faɗaɗa shi har 1948.

A cikin wannan hali ne, ranar 28 ga Disamba, 1917, ya buga wani tarihin bahon wanka a jaridar Evening Mail ta Niyu Yok. Ya ce a birnin Cincinnati aka fara girka baho a 1842, likitoci suka yi ta suka, har sai da Shugaba Millard Fillmore ya sa aka girka ɗaya a fadar shugaban ƙasa kafin jama'a su amince. Ko kalma ɗaya babu ta gaskiya a ciki. Wasa ya yi don mutane su yi dariya. Sai ga labarin ya shiga jaridu da littattafan ilmi da mujallun likitoci. A watan Mayu na 1926 ya fito ya ce shi ya ƙaga, amma ƙarya ta riga ta yi fure. Shugaba Harry Truman ya maimaita labarin a wani jawabi a 1952, wani kamfanin mota ma ya sa shi cikin tallansa na talabijin a 2008. A ganin Mencken, wannan shi ne halin sana'ar a taƙaice: ana kwafar labari daga hannu zuwa hannu saboda daɗinsa, ba mai tsayawa ya tambayi asalinsa.

RA'AYINSA GAME DA JAM'IYYU

Tun daga 1904 har 1948 Mencken ya halarci kusan duk manyan tarurrukan da jam'iyyun Dimokurat da Rifablikan suke yi don tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa. Yana son kallonsu kamar yadda ake son kallon dambe, amma bai taɓa yarda akwai wani bambancin kirki a tsakaninsu ba. A ganinsa, burin ɗan siyasa na farko shi ne ya sami kujera, na biyu ya riƙe ta, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ya tsorata jama'a da wani dodo, sa'an nan ya ce shi ne mai maganinsa. Gwamnati kuwa ba wata tsattsarkar aba ba ce a wurinsa. Taron mutane ne irin kowa, masu son zuciya irin ta kowa, sai dai an ba su 'yan sanda da ikon karɓar haraji. Don haka duk ikon da aka ƙara mata, daga aljihun wani da 'yancin wani aka ɗebo shi.

Ƙuri'arsa ma yawo take yi. A 1924 ya zaɓi Robert La Follette, wanda ya tsaya a wajen manyan jam'iyyun biyu, ba don ya yarda da manufofinsa ba, sai don mutumin ya yi tsayin daka ya ƙi yaƙin 1917 lokacin da kowa yake zaginsa. A 1928 ya zaɓi Al Smith na Dimokurat, a 1932 Franklin Roosevelt, a 1936 kuwa Alf Landon na Rifablikan. Babban misalin da yake kafa hujja da shi shi ne dokar haramta giya, wadda ta yi aiki daga 1920 zuwa 1933. Ya sha nuna cewa dokar ta azurta 'yan fasa-ƙwauri, ta lalata 'yan sanda da cin hanci, ga kuma 'yan majalisar da suka ɗaga hannu suka kafa ta suna sha a ɓoye.

A watan Janairu na 1924 shi da abokinsa George Jean Nathan suka fara mujallar American Mercury, Alfred Knopf yana buga ta. Kafin shekara huɗu ana sayar da wajen kofe 80,000 a wata, ɗaliban jami'a suna yawo da ita a hammata saboda korayen bangonta. Ya buɗe shafukanta ga fursunoni da 'yan gurguzu da marubuta baƙar fata irin su W. E. B. Du Bois da James Weldon Johnson da George Schuyler, a lokacin da mujallu da yawa ba sa kallonsu. Richard Wright, wanda ya zama babban marubuci daga baya, ya ba da labarin yadda yana saurayi a Memphis ya ari katin wani Bature don ya samo littattafan Mencken daga ɗakin karatun da aka hana baƙar fata aro.

A watan Yuli na 1925 ya tafi garin Dayton na jihar Tennessee, inda aka gurfanar da wani malamin makaranta, John Scopes, saboda koyar da ra'ayin Darwin game da asalin ɗan Adam, wanda dokar jihar ta hana. Wannan ita ce shari'a ta farko da aka watsa kai tsaye ta rediyo a Amurka, gidan rediyon WGN na Chicago ya ɗauki nauyi, ga 'yan jarida wajen 200 sun cika garin. Jaridar Mencken ce ta tsaya wa malamin beli, kotu kuwa ta ci shi tarar dala 100. Mencken ya tsaya a kan cewa majalisa ba ta da hurumin yanke wa malami abin da zai faɗa, amma a rahotanninsa ya wulaƙanta mutanen karkara da addininsu ba sassauci. Da William Jennings Bryan, wanda ya tsaya wa ɓangaren gwamnati, ya rasu kwana biyar bayan shari'ar, ta'aziyyar da Mencken ya rubuta zagi ce tsantsa, har wasu masoyansa suka ga ya wuce gona da iri.

A shekara ta gaba wata ƙungiyar kula da tarbiyya a Boston ta sa aka hana sayar da mujallarsa ta watan Afrilu saboda wani labari game da wata karuwa, aka kama wani mai sayar da jaridu. Mencken ya ga bai dace talaka ya ɗauki laifinsa ba. Ranar 5 ga Afrilu, 1926, ya je dandalin birnin da kansa, ya sayar wa shugaban ƙungiyar, Rabaran J. Frank Chase, kofe ɗaya a gaban taron jama'a, aka kama shi nan take. Ba a yi kwana uku ba alƙali ya sallame shi bayan ya karanta labarin. Sai hukumar gidan waya ta hana ɗaukar mujallar, aka sake komawa kotu.

A watan Disamba na 1931 taron fararen fata a garin Salisbury na jiharsa ta Maryland suka fizgo wani baƙar fata, Matthew Williams, daga gadon asibiti suka rataye shi ba tare da shari'a ba. Jaridun yankin suka yi ta kewaye-kewaye, ɗaya ma ta ce ba sai ta ba da bayanin abin da kowa ya sani ba. Mencken ya yi kaca-kaca da makasan da kuma editocin da suka rufa musu asiri. Mutanen yankin suka ƙaurace wa kayan Baltimore, aka far wa motocin rarraba jaridar Sun. A 1935 ya bayyana gaban wani kwamitin Majalisar Dattawa yana goyon bayan dokar tarayya ta hana irin wannan kisa, ko da yake ya saba ƙin ƙara wa gwamnatin tarayya iko. Dokar dai ba ta wuce ba.

INDA IDONSA YA RUFE

Karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ta sauya ƙasar, shi kuwa bai sauya ba. A 1933 wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba su da aiki, amma Mencken ya daɗe yana ganin ana zuzuta abin ne. Wanda yake neman abin kai wa baka ba ya jin daɗin ba'a, saboda haka masu sayen mujallarsa suka ragu, ya bar ta a ƙarshen 1933. Ya juya wa Roosevelt baya da ya ga yadda ma'aikatun gwamnati suke yaɗuwa. Shi kuwa Roosevelt ya gano amfanin rediyo: tun daga watan Maris na 1933 yake magana da jama'a kai tsaye a cikin ɗakunansu, ba sai ya bi ta hannun editoci ba. A wata liyafar 'yan jarida a Washinton cikin Disamba na 1934, shugaban ya tashi ya karanta wata doguwar suka mai zafi a kan jahilci da ragwancin 'yan jaridun Amurka, sai a ƙarshe mutane suka gane rubutun Mencken ne da kansa. Bai yafe wannan ba har ya mutu.

Zaɓen 1936 ya tona asirin kowa. Yawancin jaridun ƙasar sun goyi bayan Landon. Mujallar Literary Digest ta tattara amsoshin mutane fiye da miliyan 2, waɗanda ta samo sunayen da yawansu daga littattafan lambobin tarho da rajistar motoci, ta ce Landon zai ci. Mencken ma ya ce kusan kowa aka tsayar zai kayar da Roosevelt. Da aka ƙidaya ƙuri'u Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48. Mutumin da ya shekara 30 yana zargin jaridu da jin abin da suke so su ji kawai, shi ma ya faɗa ramin. Bai karaya ba dai: a watan Fabrairu na 1938, lokacin da ya riƙe shafin sharhin Evening Sun na ɗan lokaci, ya cika shafin da ɗige-ɗige fiye da miliyan 1, kowane ɗigo yana matsayin ma'aikacin gwamnatin tarayya guda.

Kuskurensa mafi nauyi shi ne game da Jamus. Ya ɗauki Hitler kamar wani ɗan tasha mai surutu da zai wuce, ya ziyarci ƙasar a 1938 bai dawo da wata kakkausar suka ba, ya kuma ɗauki yawancin rahotannin ta'asar 'yan Nazi a matsayin irin farfagandar 1914. Tsohon ciwo ya hana shi ganin sabon haɗari. Ko da yake a watan Janairu na 1939 ya yi rubutu yana neman Amurka ta buɗe ƙofa ga Yahudawan da ke gudu daga Jamus, wannan bai wanke shi ba. A farkon 1941 ya daina rubutu a jaridar Sun saboda saɓani a kan yaƙi, ya yi shiru a karo na biyu. Kundin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum, wanda ya bar wa ɗakin karatu na Enoch Pratt da sharaɗin kada a buɗe sai bayan shekara 25 da mutuwarsa, an buga shi a 1989. A ciki aka tarar da maganganun raini game da Yahudawa da baƙar fata, har da wasu da suka ɗauke shi aboki. Daga ranar nan ake ta muhawara a kansa, kuma ba ta ƙare ba.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Mencken ya daɗe yana yi wa aure ba'a, sai ga shi a 1930 ya auri marubuciya Sara Haardt, yana sane da cewa ba ta da ƙoshin lafiya. Ta rasu a 1935, ba su haihu ba, ya koma gidan mahaifinsa ya zauna da ƙanensa August. A 1948 ya dawo fagen aiki, ya halarci tarurrukan jam'iyyu uku a Filadelfiya, inda ya tarar da kyamarorin talabijin da fitilunsu masu zafi sun mamaye zauren. A cikin ukun babu wadda ya yi wa ba'a kamar jam'iyyar Henry Wallace. Amma da aka kama wasu matasa magoya bayan Wallace ɗin, farare da baƙaƙe, saboda sun yi wasan tanis tare a wani filin gwamnati na Baltimore, Mencken ne ya tsaya musu. Sharhinsa na ranar 9 ga Nuwamba, 1948, ya yi tir da dokar wariyar da ta hana 'yan ƙasa wasa da wanda suka ga dama, kuma shi ne na ƙarshe da ya rubuta. Ranar 23 ga watan ciwon shanyewar jiki ya buge shi, ya bar shi da hankalinsa amma ba ya iya karatu ko rubutu. Haka ya zauna fiye da shekara 7, har ya rasu cikin barci ranar 29 ga Janairu, 1956, yana da shekara 75.

A 1962 masanin tattalin arziki Murray Rothbard ya rubuta maƙala yana ɗaukaka shi a matsayin jigon masu ra'ayin 'yancin mutum, a 1971 kuma aka kafa jam'iyyar Libatariya a Amurka. Ko da zai shiga ta, Allah kaɗai ya sani, domin mutumin bai taɓa ganin taron 'yan siyasar da bai yi wa dariya ba. Ya rayu ya ga Linotype da tangarahu da rediyo da talabijin, kowanne ya zo da alkawarin wayar da kan jama'a, kowanne kuma ya yi saurin ɗaukar ƙarya kamar yadda ya ɗauki gaskiya. Bai ga zamanin intanet ba, inda har yau akan ci karo da labarin bahon Fillmore a matsayin tarihi. Masu koyi da shi sun gaji shakkarsa game da jam'iyyu da gwamnati da manyan kafofin labarai, kuma tarihin 1917 ya nuna shakkar tana da tushe. Tarihin 1936 da na 1938 kuwa ya nuna cewa wanda ya fita daga inuwar jam'iyya yana tafe da son zuciyarsa, kuma shi ne ya fi wuyar ganewa, domin ba shi da kati balle tuta.